Majayin Farin Raƙumi da Yoyon Baƙin Mai

Har yau akwai tsofaffi a Agadas da suke kirana makanisiye, wato mai gyaran mota, ni kuma ban taɓa buɗe baki na gyara musu ba. Na ci wannan suna shekara da shekaru. Na sha shayi kyauta da shi, an shimfiɗa mini tabarma a gaba wurin suna da ɗaurin aure saboda shi. Yanzu da haƙora suka zube, kunyar ma ta yi sauƙi, bari in faɗi yadda na same shi.

A shekarun farko bayan Nasara sun miƙa mana mulki, ina matashi mai sabon aure, da takardar gama lekol, wato makarantar boko, da permin tuƙi da na samo a Damagaram. Wata shida na yi a can, kuma in za a faɗi gaskiya, yawancinsu a bakin wani garaji na ƙare su ina kallo, hannuwana a baya don kada rigata ta ɓaci. Sunayen kayan mota dai na kwaso su. Na iya cewa moter, na iya cewa bidanji, na iya cewa juwan, kuma da na dawo gida na lura cewa in ka faɗi waɗannan kalmomi da ƙarfi, ba wanda zai tambaye ka abin da ke bayansu. Sai na riƙa faɗinsu da ƙarfi.

Mahaifin matata tsohon madugu ne. Ya ja ayari zuwa Fachi ya dawo da gishiri da dabino sau da yawa har shi kansa ya daina ƙirgawa. Dogo ne, siriri, rawani kullum a kan bakinsa, magana kuwa sai ta zama dole. Kamar yadda aka saba a unguwarmu, shekarun farko na aure a wani sashe na gidansa muka zauna, kuma tsakanina da shi akwai kunyar surukuta mai kauri. Ba na cin abinci a gabansa, ba na duban ƙwayar idonsa, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba. In yana da maganar da zai gaya mini, bango yake gaya wa, ko akuya, ko butar shayi, ni kuma in tsinta daga can.

Ni na sa ya sayar da raƙumansa. Ba kai tsaye na gaya masa ba, ina ni ina wannan ƙarfin hali. A wurin shayi nake faɗa, a gaban matata nake faɗa, a ƙofar masallaci nake faɗa, cewa zamanin raƙumi ya wuce, abin da ayari ke yi a kwana goma mota za ta yi shi tsakanin asuba da la'asar. Na yi ta faɗa har maganar ta gaji ta shiga kunnensa da kanta. Sai ga wasu Nasara masu auna duwatsu za su koma ƙasarsu, suna neman mai sayen tsohuwar motarsu ta jeji, mai buɗaɗɗen baya. Tsohon ya sayar da raƙuman duka, har da farin da yake hawa, ya sayi motar. Ranar da aka zo aka ja su, yana tsaye a bakin turke har suka sha kwana, ni kuwa a lokacin abin da ke damuna shi ne inda zan sami baƙin tabarau irin na shofer, wato direba.

Abu ɗaya ya riƙe, majayin sirdin farin raƙumin, wato faffaɗar fatar da ake ɗaure sirdi da ita a cikin dabba. Fata ce mai kauri, an yi mata ɗinkin ado da jan zare a gefe. Ya rataye ta a bangon ɗakinsa. Suruki ba ya shiga wannan ɗaki, amma in iska ta ɗaga labule ina hango ta daga tsakar gida.

Ke nan motar ba tawa ba ce, kuma ba mota ce kawai ba. Duk abin da tsohon ya tara a rayuwarsa ne aka ɗora bisa ƙafa huɗu aka miƙa mini. In moter, wato injin, ya ƙone, ba raƙumi, ba mota, kuma kayan gyara sai an aika nesa, in ma an samu. Na san haka sarai. Sanin bai hana ni komai ba.

Lungunan unguwarmu ba sa ɗaukar mota, don haka a tsohon turken raƙuman muke ajiye ta, wani fili mai farin rairayi a bayan gida. A nan na yanke shawarar yi mata bidanji, wato a juye tsohon baƙin mai a zuba sabo. Aiki ne da mutum zai yi shi kaɗai cikin natsuwa, amma ni sai da na bari hantsi ya yi, mutane suka taru. Na shiga ƙarƙashi da lakile, wato sifana, a hannu, na kwance bushon, ƙusar da ke toshe ramin juye mai a gindin moter. Da ta fito sai ga wani ɗan zoben jan ƙarfe a wuyanta, ya tsufa, ya tsage. Na fito da shi, na ɗaga shi sama don kowa ya gani.

Cikin masu kallon akwai maƙwabcinmu, wani baduku mai ɗinkin takalma, wanda harshensa ya fi basillarsa kaifi. Ya ce, "Mushe," yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, "wanga kuma mi ne ne?"

Ban sani ba. A Damagaram daga nesa nake kallo, ba a ganin zobe daga nesa. Amma ga jama'a. Sai na ce, "Ado ne. Nasara ba su iya yin abu ba su sa mashi ado ba." Na cilla shi ta bayan kafaɗata, na koma na mayar da bushon tsirara, na matse shi iya ƙarfina. Na zuba sabon mai, na goge hannu da tsumma a hankali yadda na ga manya suna yi.

Washegari badukun ne ya fara gani. Na iske shi tsugune a gefen motar yana dariya shi kaɗai. "Mushe," ya ce, "raƙumarka hitsari take yi, baƙi ƙirin." Na duƙa. Ga tabo a kan rairayi kamar faɗin tafin hannu, yana ƙyalli.

Mai hankali zai kwanta a ƙasa ya ga daga ina ɗigon yake fitowa. Ni kuwa rigata fara ce a ranar. Sai na ɗaga murfin gaba, na leƙa daga sama, na ga ɗan damshin mai a gefen murfin moter, irin wanda kowace tsohuwar mota take da shi tun ran da aka halicce ta. Na nuna da yatsa na ce, "Juwan ne." Juwan ita ce shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya sami hanya. Kalma ce mai daɗin faɗi, kuma a sama take, inda ake aiki a tsaye kowa yana gani.

Yini guda na yi a kanta. Na samo kwalin da ake zubo ganyen shayi a ciki, na ɗora shi a kan murfin ina bubbuga gefe da ƙaramar guduma don ya fitar da siffa, yadda na taɓa hango wani yana yi. Kwali uku na lalata. Na huɗun ya fito, na shafe shi da ƙaro, na ɗora, na ɗaure. Kuma bari in yi wa kaina adalci ko sau ɗaya, aikin ya yi kyau. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, sai dai wurin da na gyara lafiyarsa lau.

Da safe na yi salla, na tsaya gaishe-gaishe a ƙofar masallaci kamar kullum, na biya ta wurin mai ƙosai, sannan na nufi turke. Na duƙa. Rairayi fari fat, ko ɗigo babu. Na tafi da ƙafata na kamo badukun daga kan aikinsa.

"Duba," na ce. "Duba da kyau, ka sa hannu."

Ya sa hannu, ya shinshina, ya girgiza kai. "To, Mushe, wannan karon ka ci."

Haka washegari, haka jibi. Kullum in na dawo da hantsi rairayin yana nan fari, har da ɗan zane-zane a kansa, wanda na ɗauka aikin iska ne. Na bi gari ina ba da labari. A wurin shayi na zana moter a ƙasa da tsinke ina nuna wa mutane inda mai ke bi, kuma kullum zanen yana ƙara girma. Har na fara cewa in hukuma tana da hankali, da ta kira ni in duba mata motocinta.

Cikin kwanakin nan ne na ga wani baƙin tabo a farin rawanin surukina, ta bayan kai, har da rairayi manne a jiki. Mutum ne mai tsabta ƙwarai, abin ya ba ni dariya. Na raɗa wa matata tana daka, "Ki gaya wa Baba ya jingina da tukunya. Tsufa ya fara." Ta tsayar da taɓarya, ta dube ni, duba mai ɗan tsawo, sannan ta ci gaba da dakanta.

Tafiyar farko ta neman abinci da motar ita ce zuwa Tabelot, a cikin duwatsun Abzin, mu ɗauko albasa daga masu lambu. Ana gobe tafiya sai tsohon ya gaya wa bangon zaure cewa shi ma za shi. Da safe ya fito da tsohuwar jakarsa ta ayari, mai nauyi, ya ɗora a baya da kansa. Na ce wa matata, yadda zai ji, tafiyar yini ɗaya ce ba ta Fachi ba.

Akwai wata siririyar sanda ta ƙarfe a jikin moter da ake zarowa a ga inda mai ya tsaya. Kowane shofer yana zaro ta kafin ya shiga jeji. Na ɗaga murfi, na kai hannu, sai na ga badukun da wasu mutum biyar sun zo sallama suna kallona. Na ce a raina, in na zaro ta, ai kamar ina shakkar aikina ne. Sai hannun ya wuce sandar ya je ya shafa juwan ɗina, na rufe murfi, na sa tabarau.

Ba a yi mota don surukai ba. A kan raƙuma kowa da nasa, akwai tazara, amma a nan ga kafaɗata ga tasa. Shi ya juya fuska yana kallon taga, ni na ƙura wa hanya ido, muka yi ta tafiya. Hanyar ma ba hanya ba ce, sawu ne kawai, yanzu rairayi, an jima tsakuwa, an jima a gangara busasshiyar ƙorama a hau. Na lura yana yawan leƙa baya ta taga. Na ɗauka kewar raƙuma ce, har na ji tausayinsa.

Rana ba ta kai tsaka ba ya ce wa gilashin gaba, "A tsaya ta huta."

Nan fa ilimi ya motsa. Na ce, ni ma ina kallon gilashin, "Baba, mota ba ta gajiya. Ba dabba ba ce. Moter in ya yi zahi ma ya hi aiki." Har na ƙara da wata jimla ta Faransanci wadda ni kaina ban tabbatar da ma'anarta ba.

Sai ya ce, "To ni in huta."

Muna gefen wata ƙorama mai goriba, ga inuwa mai kyau a kan rairayi, na nufi can. Ya ɗaga hannu ya nuna wani falalen dutse, shimfiɗaɗɗe, fari-fari. "A ɗora ta bisa dutsin can. Rairayin ga laushi gare shi, kada ta nutse." Rairayin ba wani laushi gare shi, amma na bi umarni.

Ya sauko da jakarsa, ya hura gawayi, ya ɗora buta. Shayin madugu ba a gaggawa da shi. Na zauna nesa kaɗan, na ba shi gefe, yana miƙo finjali ba tare da ya dube ni ba, ina karɓa ina juya baya in sha. Muka sha na farko, muka sha na biyu. Ina ta duban rana ina huci a ciki, ina lissafin cewa da tuni mun ci rabin abin da ya rage. Sai da aka sha na uku, ya wanke finjalan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wa butar, "Da an ja ta gaba kaɗan. Inuwa ta juya."

Ba inuwa a kan dutsen tun farko. Na dai tashi na ja motar gaba, na sauko, na waiwaya.

A inda ta tsaya, a kan farin dutsen, ga baƙin mai kwance kamar faɗin faifai, har ya fara gangara yana bin tsagar dutse. Daga nan kuma ɗigo-ɗigo ya biyo motar zuwa inda take. Na tsaya ina kallo, tabarau a fuskata. Na cire shi ko zai canza wani abu, bai canza ba. Na ruga na zaro sandar awon da na ƙi zarowa da safe. Ƙarshenta kawai ya jiƙe, ɗan abin da bai kai farce ba.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Da mun ƙara tafiyar sa'a ɗaya, da moter ya bushe ya kama, da raƙuman mutumin nan duka sun mutu a hannuna a rana ɗaya, a tsakiyar duwatsu, yana zaune kusa da ni. Ba abin da na tuna sai tsayuwarsa a bakin turke ranar da aka ja su.

Amma kada a ɗauka tsoro ya kashe halin. Bakina ya fara aiki da kansa. Na ce kwalin shayin bana ba shi da kauri. Na ce zafin Abzin daban yake da na gari, yana narkar da ƙaro. Ina faɗa ina shafa juwan ɗina, ita kuwa tana nan a bushe, tsaf, ba ta yi laifin komai ba.

Tsohon yana tattara gawayi. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ni ban san mota ba. Abin da na gani dai, daga ƙasa take zuba."

Na kwanta a kan dutsen da farar rigata, na ja jiki na shiga. Ga bushon, ga ɗigon mai yana taruwa a wuyansa, ya yi nauyi, ya faɗo kusa da kunnena, wani ya fara taruwa. Daidai wurin da zoben nan yake kafin in cilla shi. Na daɗe a kwance a wurin, don ban san da wace fuska zan fito ba.

Sai na ji ana ajiye abubuwa a gefen ƙafata. Na leƙo. Ya fito da gwangwanin baƙin mai sabo daga jakar, da tasar da yake kwaɓa gari a ciki in yana tafiya. Sannan ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da abu biyu, ya ɗora a kan dutse. Na farko shi ne tsagaggen zoben jan ƙarfen. "Wanga cikin shara na tsince shi," ya ce wa ƙafar motar. Na biyun zobe ne na fata, an yanka shi daidai da na farkon. "Wanga kuwa bisa awonshi anka yanke. Ko shina yi, Allah masani."

Ya kamata in jira moter ya ƙara hucewa. Ban jira ba, kunya ce take kora ta. Na tara tasar, na kwance bushon, sauran man ya taho da ɗuminsa, ya ƙi tasar ya bi hannuna har hammata. A gaban wani da na yi ihu. A gaban suruki sai na cije leɓe, hawaye suna gangarawa cikin kunnuwana, na gyara tasar na tare abin da ya rage.

Da na ɗauki zoben fatar zan sa a wuyan bushon, sai na ga a gefensa ɗan guntun jan zare, ɗinki biyu ko uku. Na san zaren. Na sha hango shi in iska ta ɗaga labule. A nan kwance na kuma gane baƙin tabon rawani. Dattijon da ya haifi matata, wanda ko zama a ƙasa ba ya yi sai an shimfiɗa masa buzu, ya kwanta a rairayi ya ja ciki ya shiga ƙarƙashin motar nan don ya ga inda take zuba, a lokacin da nake wurin shayi ina zana moter da tsinke. Ni kuma na ce ya jingina da tukunya.

Na mayar da bushon, na kama lakile zan matse da ƙarfi irin nawa. Daga waje na ji muryarsa. "Kada a matsa mata da yawa. Fata ba ta son hushi." Na sassauta. Na mayar da man tasa, na ƙara da na gwangwani, na zaro sanda sau uku ina dubawa. Na tayar da motar ta yi zafi, na matsar da ita kan wani dutse mai tsabta. Ya sake hura gawayi. Wannan karon ban dubi rana ba. Da muka gama na ja ta gaba, dutsen yana nan yadda Allah ya yi shi.

Mun isa Tabelot rana ta yi ja. Mai lambun da za mu sauka wurinsa, tsohon abokin tafiyarsa ne, ya dubi rigata ya tambayi abin da ya tsare mu. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Surukina ya ce, "Mota ce ta yi yoyo cikin jeji. Mai gidan ɗiyata ya shiga ƙarƙashi ya gyara ta." Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Mai lambun ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka. Kafin mu gama loda albasa labari ya zaga ƙauyen, daga baya masu jakuna da raƙuma suka kai shi Agadas, kuma a hanya ya yi ƙiba, har aka ce moter na sauke gaba ɗaya a kan dutse na sake haɗawa. Daga nan sunan makanisiye ya samo asali. Badukun ma sai da ya zo ya ba ni hannu.

Kalmar shara ce ta tsaya mini a rai. Da muka dawo na sami matata tana tankaɗe, na ce, "Wa ke share ƙarƙashin mota?"

"Ni mana," ta ce. "Kullum in kun tahi masallaci, tun ran da na ga ta fara zuba."

"Don mi?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta don me ake dafa abinci. "Tun ina yarinya, duk abin da anka ɗaure a turken nan share ƙarƙashinshi nike, in zuba sabon rairayi. Raƙuma sunka tahi, wannan ta zo. Ita ma tana ɓata wuri, sai in bar shi?"

"Ba ki ga baƙin mai ba?"

"Na gani. Na ɗauka haka suke yi. Baba ne ya iske sharar a juji ya tsuguna yana tonawa da tsinke, yadda yake duba kashin raƙumi in yana zargin ciwo."

"To da kinka gane, mi ya hana ki gaya mini?"

"Ya ce kada in faɗa. Ya ce mutum in ya yi shela cikin gari, ba cikin gari ake warware mashi ita ba." Ta ci gaba da tankaɗe, bakinta yana motsi. "Kuma kai, Mushe makanisiye, da na faɗa, ji za ka yi?"

Amsar dai mu biyu mun san ta.

Bayan wannan na koyi aikin da gaske, a hankali, a kwance, da tsofaffin riguna. Ban taɓa zama gwani ba, amma motar ta yi shekaru tana kai albasa da dabino, ta ciyar da gidan, kuma zoben fatar nan ya daɗe fiye da yadda kowane littafi zai yarda. Majayin kuwa ban sake hango shi ba, ya sauke shi daga bango. Sau da yawa na shirya zan yi masa godiya. Na tsara kalmomin, na zaɓi bangon da zan gaya wa. Kullum in na zo sai kunya ta riƙe mini harshe, in ce gobe. Shi ma bai taɓa tayar da maganar ba, ko ga buta, har Allah ya karɓi abinsa.

Da aka yi rabon kayansa, majayin ya faɗo hannun matata. Ta warware shi a gabana a tsakar gida. Jan zaren ya koɗe, fatar ta bushe. A tsakiyarta ga rami zagayayye inda aka yanki zobe. Kusa da shi ga wani ramin, irinsa sak.

Na ce, "Biyu?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙullin tsumma, ta kwance, ta sa mini a tafin hannu. Zoben fata ne, sabo, bai taɓa ganin mai ba. "Tun ranar da ya yanki na farkon ya ba ni ajiya," ta ce. "Ya ce in riƙe maka. Ya ce kai mutumin kirki ne, amma kana da yar da abu."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, na zauna a ƙasa na yi shi sosai a gaban 'ya'yana. Tun daga lokacin na yar da abubuwa da yawa, tabarau ban san adadinsu ba, permin nan na Damagaram, har mabuɗin gidan nan sau biyu. Zoben kam yana nan a aljihun rigar da nake sanye da ita yanzu.